Maki Uku a Atlanta: Abin da Nasarar Alabama ta Bayyana da Abin da ta Lulluɓe

A daren Litinin 8 ga Janairu 2018, wanda a agogonmu na nan gida ya riga ya shiga Talata, na zauna lulluɓe da bargo saboda sanyin hunturu, da kofin shayi a gefena, ina kallon wasan ƙarshe na ƙwallon jami'o'in Amurka, inda Jami'ar Alabama ta kara da Jami'ar Jojiya a birnin Atlanta, ba a kuwa tashi ba sai bayan da ladanai suka yi kiran assalatu. Alabama ce ta ci, 26 da 23, a cikin ƙarin lokaci, da wata jifa guda ɗaya wadda har yau ake maimaita hotonta. Shekaru sun shuɗe tun daga wannan dare, amma al'amarinsa bai fita daga raina ba, domin ina ganin jama'a, da masu sharhi da magoya baya baki ɗaya, sun yi kuskuren karanta shi ta fuska biyu: sun ɗora ƙarfin ƙungiyar a inda ba nan asalinsa yake ba, sun kuma kawar da kai daga illolin da suka fito fili a gabansu, saboda daɗin nasara ya rufe musu ido.

Kafin in shiga hisabin, wajibi ne in yi wa mai karatu ɗan bayanin wasan, tunda ba irin tamaular da muka saba ba ce. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne daga wannan gida zuwa wancan, ƙwallon kuwa doguwa ce mai tsini biyu, ana gudu da ita a hannu ko a jefa wa abokin wasa. Masu kai hari ana ba su dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su wasu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita gidan abokan karawa ya sami maki 6, da damar bugun ƙari na maki 1, wanda kuma ya ga ba zai kai ba yana iya bugunta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen ƙarafa biyu ya karɓi maki 3. Akwai mutum ɗaya wanda kusan kowace dama daga hannunsa take farawa, shi ke duban sahun abokan gaba, shi ke yanke shawarar wanda za a jefa wa, kuma shi ne zan riƙa kira madugu, domin matsayinsa a fili matsayin madugu ne a ayari. 'Yan wasan duka ɗalibai ne, a lokacin kakar wasa huɗu doka ta ba kowannensu, gwanaye daga cikinsu kuma sukan tafi wasan ƙwararru bayan uku, saboda haka kowace ƙungiya kullum cikin sallamar manya take da rainon ƙanana.

Alabama ta zo Atlanta ne da tabo a jikinta, gama Auburn, abokiyar gabarta ta jiha ɗaya, ta doke ta 26 da 14 a watan Nuwamba, abin da ya hana ta kofin yankinta, har da ƙyar ta shiga jerin ƙungiyoyi huɗu masu neman kofin ƙasa, a matsayi na huɗu. Jojiya kuwa ta zo da kuzarin wanda ya fito daga gumurzu, bayan ta ci Oklahoma 54 da 48, kuma kocinta, Kirby Smart, almajirin kocin Alabama ne, Nick Saban, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a can daga 2007 zuwa 2015, ya san gidan ciki da bai. Wannan sani ya yi aiki. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya, madugunta Jalen Hurts ya yi jifa 8, uku kacal suka isa hannu, yadi 21 ke nan gaba ɗaya. Jojiya ta cika gaba da mutane ta toshe hanyar gudu, tana mai yaƙinin cewa Hurts ba zai cutar da ita da doguwar jifa ba, kuma zatonta bai faɗi ƙasa ba.

A nan ne Saban ya yi abin da, a ganina, shi ne ginshiƙin nasarar, kuma shi ne mafi wahala a kan duk wani shugaba. Hurts ba ƙaramin mutum ba ne a gidan. Shekara biyu yana jan ayarin, wasa biyu kawai aka ci shi, a kakar 2017 duka sau ɗaya tak abokan karawa suka cafke jifarsa, kuma a wasan ƙarshe na shekarar da ta gabata shi ne ya ruga yadi 30 ya sa Alabama a gaba, kafin Clemson ta ƙwace wasan 35 da 31 saura daƙiƙa ɗaya a tashi. Wanda yake da irin wannan tarihi, al'adar mutane ita ce a bar shi ya ƙarasa ko da jirgi zai nutse, domin a tsira daga zargi. In an sha kashi a ce ƙaddara ce, ba wanda zai tuhumi koci da ya riƙe gwaninsa. Saban ya zaɓi ɗaukar zargin a wuyansa, ya zaunar da Hurts, ya shigo da wani yaro ɗan shekara 19, ɗan ajin farko, bahago daga tsibiran Hawai, mai suna Tua Tagovailoa, wanda bai taɓa fara wasa ko ɗaya a jami'a ba. Wannan ijtihadi ne na mutumin da ya duba zahirin abin da ke faruwa a gabansa ya fifita shi a kan abin da ya saba, kuma ba kowane mai shekaru da ɗaukaka yake iya yin haka ba.

Amma ijtihadin da bai yi amfani ba in da rumbun babu hatsi. Abin da ya fi ba ni mamaki a rabi na biyu shi ne yawan 'yan ajin farko da suka fito daga benci suka ɗauki nauyin wasan: Henry Ruggs ya karɓi jifar da ta buɗe wa Alabama ƙofa, Najee Harris ya yi gudun da ya fi na manyansa amfani a lokacin da ake matuƙar bukata, Alex Leatherwood ya maye gurbin Jonah Williams da ya ji rauni a sahun masu kare madugu bai bari an ga giɓi ba, DeVonta Smith kuma shi ya kama ƙwallon ƙarshe. Ƙungiyar da za ta iya sauya madugu da mai gudu da mai tsaro a tsakiyar wasan kofin ƙasa ta ƙara ƙarfi maimakon ta raunana, ta tara dukiyar da ba a tarawa a dare ɗaya; aikin shekaru ne na yawo gida gida ana neman yara, da horar da na benci tamkar gobe su ne za su fara. Wannan shi ne ƙarfin Alabama na haƙiƙa, ga kuma sahun tsaronta na tsakiya, inda Da'Ron Payne ya tsaya kamar kuka, ya hana manyan masu gudun Jojiya, Nick Chubb musamman, sakewa a lokacin da suke bukatar cinye lokaci.

To, sai mu juya ga abin da tafi da sowa suka lulluɓe.

Saura daƙiƙu kaɗan a tashi, ana 20 da 20, Alabama ta kawo ƙwallo har tsakiyar fili daidai gaban ƙarafa, ta ajiye wa mai bugunta, Andy Pappanastos, bugu na yadi 36, irin wanda a wannan mataki ake ɗauka kamar an gama. Na ga yadda ya ja da baya yana ƙidaya takunsa, ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan, ya sunkuya, ya taho. Ƙwallon na barin ƙafarsa ta karkace hagu, ta yi nisa da inda ake so, har ba sai an jira alƙali ya nuna ba. A farkon wasan ma ya riga ya zubar da wani na yadi 40. Maki 6 ke nan a wasan da aka ci da tazarar 3. Ba ina faɗin haka don in tozarta yaron ba, domin ya ci biyu a tsakani waɗanda ba don su ba da ba a kai ga kunnen doki ba. Abin da nake nufi shi ne cutar ta girme shi a gidan. A Nuwamba 2011 Alabama ta zubar da bugu huɗu a gidanta, LSU ta ci ta 9 da 6. A Nuwamba 2013 bugu uku suka lalace a gidan Auburn, na huɗu mai yadi 57 ya gaza kai wa, Chris Davis na Auburn ya cafe shi ya ruga da shi fiye da yadi 100, aka tashi 34 da 28, burin Alabama na cin kofi uku a jere ya rushe nan take. Bayan wannan wasa wasu magoya baya sun yi wa mai bugun ruwan zagi da barazana, abin da ba shi da hujja a shari'a ko a al'ada, kuma a ganina yana cikin sabubban da suka sa cutar ta daɗe, domin aikin mai bugu aikin natsuwa ne, kuma yaron da ya san abin da aka yi wa na gabansa zai taho wa ƙwallo da nauyin mutum dubu ɗari a ƙafarsa. Gidan da ya ƙware wajen tara ƙarti da masu gudu ya yi shekaru yana ɗaukar wannan aiki a matsayin ƙaramin abu, alhali a wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, shi ne mizanin da ke raba gardama.

Illa ta biyu ta fi wuyar faɗi, domin tana jikin gwarzon daren ne. Tagovailoa ya yi jifa 24, 14 suka isa, yadi 166, uku suka shiga gida, kuma ba mai musun cewa shi ya sauya iskar wasan. Sai dai wanda ya kalla da idon tadabburi ya ga wasu abubuwa. A zango na uku daga cikin huɗu na wasan ya jefa ƙwallo a damar da abokan wasansa suka ɗauka ta gudu ce, Deandre Baker na Jojiya ya cafke ta a yankin Alabama, ana 20 da 7. Da Jojiya ta ƙara maki a nan, da wuya a dawo. Abin da ya cece shi shi ne a dama ta gaba jifar Jake Fromm, madugun Jojiya, ta bugi hular ƙarfen wani ɗan tsaro ta yi sama, ta faɗa hannun Raekwon Davis na Alabama. Wannan rabo ne, kuma ba a gina gida a kan rabo. Jifar da ta kawo 20 da 20, wadda Calvin Ridley ya kama a dama ta huɗu, cikin cunkoson mutane aka sake ta. Sannan a ƙarin lokaci, bayan Rodrigo Blankenship ya ci wa Jojiya bugu mai nisan yadi 51, a damar farko Tagovailoa ya riƙe ƙwallo yana ja da baya yana neman abin da babu, maimakon ya jefar da ita waje, har aka kayar da shi da hasarar yadi 16. Ƙwallo ta koma kan yadi 41 daga gidan Jojiya, wurin da mai bugun da ya kasa 36 ba shi da abin yi.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, kuma ya cancanci yabon da aka yi masa. Yaron ya karɓi ƙwallo, ya kafa idonsa a dama har ɗan tsaron baya ya bi kallonsa ya tsaya a tsakiya, sannan ya juyo hagu ya sake ta, ta yi tafiyarta a sama ta sauka a hannun Smith yana cikin gudu bai ko rage sauri ba. Wannan gwaninta ce tsantsa. Amma ina roƙon mai karatu ya lura cewa damar da ta gabata da wannan daga tushe ɗaya suka fito, wato zuciyar da ba ta yarda a bar dama ta tafi a banza, wadda kullum take neman babbar riba. Ita ta jawo hasarar yadi 16, ita kuma ta haifi jifar yadi 41, tsakaninsu bai kai minti ɗaya ba. Hurts aibinsa yawan taka-tsantsan ne, yakan riƙe ƙwallo ya ruga maimakon ya yi kasada. Tagovailoa aibinsa ƙarancinsa ne. Jama'a suka ga aibin na farko domin an ga sakamakonsa a allon maki, suka kasa ganin na biyu domin nasara ta yi masa sutura.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da zan wuce da sauri. Tsaron bayan Alabama ya bari Mecole Hardman na Jojiya ya tsere da jifa ta yadi 80, wani ɗan wasan Alabama kuma ya kai wa abokin karawa naushi ya jawo wa ƙungiyarsa hukunci, ya fito yana neman faɗa da wani daga cikin masu horarwa a gaban kyamara. A gidan da ake alfahari da ladabi da bin tsari, wannan ba abin da za a share da hannu ba ne.

Na san akwai mai cewa, Malam, ai kofi na hannu, me ya kawo tonon silili? Wanda ya ci shi ne gwani, kuma Saban da wannan dare ya kama Paul Bryant, tsohon kocin Alabama, a yawan kofunan ƙasa, shida da shida. Ina girmama wannan magana, domin gaskiya ne iya fita daga rami shi ma baiwa ce, kuma ƙungiyar da aka bari a baya da maki 13 har sau biyu ta dawo ta nuna zuciyar da ba a saye a kasuwa. Amma Saban da kansa bai yarda da wannan ra'ayi ba. A watan Oktoba na wannan kakar, bayan sun sha da ƙyar a hannun Texas A&M da 27 da 19, ya kamanta yabon da 'yan jarida ke yi wa yaransa da maganin ɓera, yana nufin abu mai daɗin baki da ke kashewa. Wanda aka ci ba ya bukatar mai yi masa nasiha, zafin kashin ya isa ya sa shi muhasaba. Wanda ya ci da rata mai yawa, ko ya yi gafala, ratar tana iya ɗaukar kurakuransa. Wanda ya tsira da maki 3 shi ke cikin hatsari, gama yana ɗauke da aibin da ya isa ya kayar da shi, ga shi kuma da kofin da ke gaya masa cewa ba shi da aibi.

Kakar 2018 ta zo tamkar tana gaskata masu yabo. Tagovailoa ya zama madugu, Alabama ta ci wasanninta 12 na farko kowanne da tazarar da ta haura maki 20, har sau da yawa yakan zauna hutawa tun kafin zango na huɗu, ana ta cewa ba a taɓa ganin irin wannan ƙungiya ba. Sai dai masu bugu suna ta zubar da bugun ƙari, wanda shi ne mafi sauƙi a wasan, ba a damu ba saboda rata ta yi yawa. Manyan 'yan tsaron baya irin su Minkah Fitzpatrick da Ronnie Harrison kuma sun tafi wasan ƙwararru. Ranar 7 ga Janairu 2019, a Santa Clara ta jihar Kalifoniya, bashin ya zo biya gaba ɗaya. Tun a mintunan farko A.J. Terrell na Clemson ya cafke jifar Tagovailoa ya shiga da ita gida, daga baya aka sake cafke wata doguwa da ya sake cikin kasada. Bugun ƙari ya lalace. A zango na uku, maimakon a buga na maki 3, sai aka yi dabarar yaudara da ba ta yi aiki ba. Trevor Lawrence, madugun Clemson, ɗan ajin farko shi ma, ya yi ta ratsa tsaron baya yadda ya ga dama. Aka tashi 44 da 16, kashi mafi muni da Saban ya sha a zamansa na Alabama, kuma babu ɗaya daga cikin ƙofofin da Clemson ta bi wadda ba a gan ta a buɗe ba a Atlanta shekara guda kafin nan. Adalci ya sa in ƙara da cewa an gyara daga baya: a kakar 2020 mai bugu Will Reichard bai zubar da ko ɗaya ba, Alabama kuma ta ɗauki kofi bayan ta ci Ohio State 52 da 24.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, shi ne mutumin da aka zaunar. Na lura da Hurts a rabi na biyu na wancan dare, yana tsaye a bakin fili, shi ne cikin na farko da ke tarbar yaron da ya karɓi gurbinsa duk lokacin da ya fito, yana dafa kafaɗarsa yana yi masa magana a kunne, bayan an tashi kuma ya tsaya gaban kyamara fuskarsa a sake yana yabon wanda ya gaje shi. Saurayi ne ɗan shekara 19 wanda aka sauke a gaban miliyoyin masu kallo. Da ya ɓata rai ya koma gefe, da ɗakin 'yan wasa ya rabu biyu, domin yana da mutanensa, kuma ƙungiyar da ta rabu ba ta dawowa daga 20 da 7. Ba a rubuta wannan a takardar ƙididdiga, ba a kuma sa shi a hotunan da ake maimaitawa, amma ni ina lissafa shi cikin manyan sabubban nasarar. Mutane da yawa sun zaci zai bar jami'ar nan take. Ya zauna shekara guda cur a benci yana gyara jifarsa. Ranar 1 ga Disamba 2018, a wannan filin na Atlanta, da wannan Jojiya, Tagovailoa ya yi jifa 25 goma kawai suka isa, an cafke biyu, ya ji rauni a idon sawu ana 28 da 21 Jojiya na gaba. Hurts ya shigo ya jefa wa Jerry Jeudy ta kunnen doki, sannan ya ruga yadi 15 da ƙafarsa ya shiga gida saura kimanin minti ɗaya, aka tashi 35 da 28. Sai da ya kammala digirinsa sannan ya koma Oklahoma a 2019.

Hukuncina shi ne duk wanda zai ba da labarin wannan ƙungiya ya tsaya a kan jifar yadi 41 ya tauye haƙƙin mutane da yawa, kuma mafi girman haƙƙin da ya tauye na Hurts ne. Ranar 9 ga Fabrairu 2025, a birnin New Orleans, a wasan ƙarshe na ƙwararru, Philadelphia Eagles ta ci Kansas City 40 da 22. DeVonta Smith ya kama doguwar jifa ta yadi 46 ya shiga gida, wanda ya jefa masa kuwa, wanda kuma aka zaɓa gwarzon wasan, Jalen Hurts ne.